Yadda ake yi wa mai juna biyu tausa ba tare da an jawo mata matsala ba

Da ciki ya doshi wata shida, akwai wani ciwo da ke zuwa ya tare a ƙugu kamar wanda ya biya kuɗin haya. Ki gama shara ki miƙe, yana nan. Ki idar da sallar isha'i, sai kin dafa bango kafin ki tashi daga kan darduma. A irin wannan lokaci ne ake cewa a kira yaro ya tattaka miki baya. Na taɓa shiga gidan wata 'yar'uwata na tarar da ita rub da ciki a kan tabarma, cikinta wata huɗu, ɗanta mai shekara shida yana tattaki a gadon bayanta yana dafe da bango, ita kuma tana cewa, "Yauwa, nan ɗin, ƙara takawa." Na ɗauke yaron na dire shi. Ta ce ai tun tana budurwa haka ake yi mata. Gaskiyarta, amma jikin da ake takawa a lokacin ba shi ne wannan ba.

Nauyi ya koma gaba, ƙashin baya ya ƙara lanƙwasa don ya tare shi, naman ƙugu yana aiki dare da rana. Ga wani sinadari da jiki ke fitarwa, rilaksin, wanda ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi domin ƙugu ya buɗe ranar haihuwa. Jinin jiki kuma yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, ya kuma fi saurin daskarewa. Tausa tana rage wannan tsamin jikin, tana sa a samu barci. Sai dai tausar mai ciki ta baya ce da kafaɗa da ƙugu, da hannu mai sauƙi. Ciki da sharaɓa ba wurin dannawa ba ne.

Mataki na farko: gane wane irin ciwo ne

Kafin a buɗe kwalbar mai, ki tsaya ki saurari ciwon. Ciwon gajiya yana da halinsa: da safe da sauƙi, yana taruwa da aikin yini, idan kin kwanta ta gefe ko kin sauya zama sai ya lafa. Wannan shi ne na tausa.

Akwai waɗanda suka yi kama da shi amma ba shi ba ne. Ciwon baya da ke zuwa ya tafi, ya sake dawowa a kan lokaci, ciki yana tamkewa tare da shi, alhali ba ki kai mako 37 ba, yana iya zama naƙudar da ta zo kafin lokacinta. Ciwo a gefen baya, ƙarƙashin haƙarƙari, da zazzaɓi ko zafin fitsari, ƙoda ce ke ƙorafi. Ciwon gaɓoɓi da zafin jiki da sanyi-sanyi, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro tukuna, domin shi ga mai ciki ba abin wasa ba ne. Mai sikila kuma ta fi kowa sanin ciwon ƙashinta idan ya taso, kada ta bari a lallashe ta da tausa a gida har dare ya yi.

Sai kumburi. Ƙafafu biyu su ɗan tasa da yamma su saɓe da safe, wannan kusan kowace mai tsohon ciki tana ganinsa. Amma idan fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, kai yana sarawa ba ya jin magani, ido yana ganin dishi-dishi ko walƙiya, ko ana jin ciwo a saman ciki ta hannun dama, to wannan hawan jinin masu ciki ne ake tsoro, wanda yakan ɓullo bayan mako 20. Shi ne ke kai mace ga jijjiga, abin da ake kira taune-taune. Babu man da ke sauke shi. Haka nan jini ko ruwa ya zubo, ko motsin jariri ya ragu. Duk waɗannan, a nemi abin hawa a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Mataki na biyu: ki tambaya a wurin awo

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, don haka damar tambaya ba ta yi ƙaranci ba. Bayan an gwada jininki an auna ciki, ki ce, "Sista, bayana yana damuna, ko za a iya yi mini tausa a gida?" Kada kunya ko tsawon layi su hana ki. Amsar tana cikin katinki. Idan awon jininki yana kai 140 bisa 90, ko hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko kin ga jini a wannan cikin, ko an ɗaure miki bakin mahaifa, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ko jini ya taɓa daskare miki a ƙafa, ko ana yi miki allurar tsinka jini, ko kina da ciwon zuciya, to sai abin da likita ya ce. Mai ɗauke da tagwaye ma ta tambaya.

Maganar watanni ukun farko: masu sana'ar tausa da yawa ba sa karɓar mace sai ta wuce mako 12. Dalilinsu, a wannan tsakanin ne aka fi yin ɓari, akasari saboda matsalar da ke cikin halittar ɗan tayin tun farko, kuma idan ya faru washegarin tausa kowa hannun mai tausa zai kalla. A ganina, maigida ya mammatsa wa matarsa kafaɗa ko tafin ƙafa tana fama da laulayi ba laifi ba ne. Cikakkiyar tausa ta jiki duka dai a jinkirta ta zuwa wata na huɗu, lokacin ma amai ya lafa, hanci ya daina ƙin warin mai.

Mataki na uku: wa zai yi?

Mafi sauƙi, wanda ke cikin gida: miji, ko ƙanwa, ko mahaifiya idan an je goyon ciki. Ba a buƙatar takardar shaida don shafa baya, ana buƙatar mai jin magana idan an ce ya rage ƙarfi.

Idan ciwon ya kai kina ɗingishi, ko kina jin kamar ƙashin gabanki zai rabe idan kin ɗaga ƙafa za ki hau gado, ko yana harbawa daga mazaunai zuwa ƙafa, ki nemi a tura ki sashen fisiyo, masu gashin ƙashi. Manyan asibitoci irin su na Malam Aminu Kano da na ƙashi da ke Dala suna da wannan sashe. Su ne za su duba gaɓar, su koya miki motsa jikin da ya dace, wani lokaci su ba ki ɗamarar tallafe ƙugu.

Masu shagon gyaran jiki kuwa, ki faɗa musu kina da ciki da adadin watanninsa tun a bakin ƙofa. Sannan ki yi tambaya guda: "Yaya za ki kwantar da ni?" Idan ta ce ta gefe da filalluka, ta san aikinta. Idan ta nuna miki gado ta ce ki kwanta rub da ciki ko rigingine, ki yi mata sallama. Kuma duk abin da ya haɗa da zafi mai yawa a bar shi sai an sauka lafiya: turaren tsuguno da ake lulluɓa da bargo har zufa ta keto, sirace na jiki duka, ɗakin tururi, da zama cikin ruwa mai zafi sosai. Zafin jiki idan ya haura digiri 39 a makonnin farko ana danganta shi da tawayar halitta a ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri, a tsohon ciki kuma yana sa jini ya sauka mace ta yanke jiki ta faɗi.

Mataki na huɗu: mai da ɗaki

Man kaɗanya zalla ya wadatar. A ɗebi kamar girman goro a murza a tafin hannu har ya narke. Man zaitun, man kwakwa da man riɗi duk sun yi. Wanda ba ki taɓa shafawa ba, ki gwada kaɗan a damtse ki jira kwana guda, domin fatar mai ciki tana da saurin fushi.

Abin da za a ajiye gefe shi ne man zafi. Yawancinsa yana ɗauke da kafur da wani sinadari ɗan'uwan asfirin, kuma idan aka lafta shi a faɗin baya aka murza, fata tana shanye shi. Haka man ciwon gaɓɓai na kemis mai diklofenak ko ibufurofen. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki game da wannan jinsin magunguna daga mako 20, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, don haka ko na shafawar ne, sai da izinin likita. Wannan bai shafi ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa masu haɗarin hawan jini ba, kada a ji wannan a daina sha. Tatattun mayukan ƙamshi da ake sayarwa a 'yan ƙananan kwalabe, irin na kanumfari da kirfa, su ma a bar su. Kuma haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ko wa ya kawo shi, ba a gwada shi a jikin mai ciki.

Ɗaki ya kasance da iska. A bar abinci ya faɗa kamar awa guda saboda ƙwannafi, ki kuma kewaya tukuna, don babu abin da ke katse tausa kamar fitsarin mai ciki. Mai tausa ya yanke farce, ya cire zobe da agogo, ya wanke hannu. A tanadi filo uku ko huɗu, tsohon zani na shimfiɗa saboda maiƙo, da kofin ruwa.

Mataki na biyar: kwanciya

Nan ne aka fi kuskure. Daga wajen mako 20, idan mace ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Wannan jijiya tana bin gefen dama na ƙashin baya. Idan ta dannu, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, sai jiri, zufa mai sanyi, tashin zuciya, kuma jinin da ke isa ga jariri ma ya ragu. Shi ya sa ake cewa ki kwanta ta gefe, kuma gefen hagu ya fi.

Ga yadda ake jera filon. Ɗaya ƙarƙashin kai, tsayinsa daidai yadda wuya ba zai karye sama ko ƙasa ba. Ki miƙe ƙafar ƙasa kaɗan, ki lanƙwasa ta sama, a sa filo mai kauri ƙarƙashinta tun daga gwiwa har idon sawu, yadda gwiwar za ta yi daidai da ƙugu. Idan gwiwa ta faɗa ƙasa, ƙugun ne ke murɗewa, ga shi kuwa shi aka zo gyarawa. A naɗe tawul a cusa ƙarƙashin ciki don ya tallafe shi. Na ƙarshe ki rungume shi a ƙirji. Katifar da ta lotsa ba ta yi ba, gara a shimfiɗa bargo biyu a kan kafet.

Wadda kwanciya ke hana ta numfashi ta zauna a kujera ta juya gabanta ga majinginar, ta ɗora filo ta kifa hannuwa da goshi a kai. Wannan zaman ya fi daɗi ma wajen kafaɗa.

Mataki na shida: tausar kanta

Maigida, daga nan da kai nake. Ka durƙusa a bayanta. Ƙa'idar ƙarfi ɗaya ce: idan ta riƙe numfashi, ko ta ciji leɓe, ko ta zame daga hannunka, ka wuce gona da iri. Ka riƙa tambaya, "Ya yi, ko in rage?" Ke kuma ki faɗi gaskiya, ba wurin kara ba ne.

Ka fara da shafa mai tsawo. Tafukan hannu biyu a gefe da gefen ƙashin baya, ba a kansa ba, daga ƙugu ka tura sama a hankali har kafaɗa, ka zagayo ta gefe ka sauko da sauƙi. Kamar sau goma, har man ya bi jiki fatar ta ɗumama. Kada ka yi gaggawa, tafiya ɗaya ta ɗauki tsawon numfashi guda mai nisa.

Sai kafaɗa da wuya. Ka kama naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ka riƙa matsawa kana saki, kamar mai cuɗa ƙullin fulawa mai laushi. Da babban yatsa ka yi 'yan da'irori a kewayen allon kafaɗa, inda za ka ji wasu ƙulli-ƙulli. Ka tsaya a kan kowanne na ɗan lokaci da matsakaicin ƙarfi, ba sai ka murƙushe shi ba. Ƙeya kuma da kan yatsu kawai.

Ƙugu ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne dalilin zaman. Ka laluba ƙasan baya, za ka ji wani faffaɗan ƙashi tsakanin 'yan ramuka biyu da ke saman mazaunai. Ka ɗora gindin tafin hannunka a kansa ka danna a tsaye, a hankali, ka ƙirga goma, ka saki a hankali. Sau biyar ko shida. Daga nan ka koma naman da ke gefensa da na saman mazaunai, kana da'ira da gindin hannu, kana faɗaɗawa zuwa gefen ƙugu. Mata da yawa a nan ne suke sauke ajiyar zuciya. Ba a sa gwiwar hannu, ba a bubbugawa da dunƙulen hannu, ba a murɗa ƙugu don a ji ya yi ƙara, ba a jan ƙafa. Gaɓoɓin nan sun riga sun saki, abin da jiki zai jure a da yanzu yana iya zama targaɗe. Idan an gama gefe ɗaya, ta juya ta ɗaya gefen na 'yan mintuna a yi wa ɗaya ƙugun.

Hannuwa ba su da wuya: daga yatsu a shafo zuwa kafaɗa, a murza tafin da babban yatsa. Yana taimaka wa masu farkawa cikin dare su ji yatsunsu sun mutu.

Ƙafa kuwa sai an natsu. Mai ciki ta fi wadda ba ta da ciki haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin cikin ƙafa da kamar ninki huɗu zuwa biyar, an fi ganinsa a ƙafar hagu, kuma haɗarin yana nan har mako shida bayan haihuwa, wato ya ɗan zarce arba'in. Idan gudan jini yana kwance a sharaɓa ko cinya aka matse wurin da ƙarfi, yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe huhu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Saboda haka kafin ka taɓa, ka jera ƙafafun biyu ka duba. Idan ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ko ta fi zafi, ko ta sauya launi, ko tana ciwo a wuri guda, kada ka taɓa ta ko kaɗan, asibiti za a je a ranar. Idan duk lafiya, to shafa kawai: tafin hannu a buɗe, daga idon sawu zuwa sama, da nauyin da bai wuce na shafa wa jariri mai ba. Ba a matsa sharaɓa, ba a danna bayan gwiwa ko cikin cinya, ba a bi ta kan jijiyoyin da suka fito raɗa-raɗa.

Tafin ƙafa da dunduniya da yatsu, a murza su yadda take so. Masu tausar gargajiyar Sin suna kauce wa danna wani wuri da ke kamar faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, da kuma tsakanin babban yatsan hannu da manuni, suna cewa yana tayar da naƙuda. Wucewar hannu ta wurin ba komai ba ne, kauce wa nutsa yatsa a ciki kuma ba ya cin kuɗi.

Idan sharaɓa ta ɗaure mata cikin dare ta farka da ihu, kada ka kama matsawa. Ka miƙe ƙafar, ka tura yatsun zuwa wajen gwiwa, ka riƙe har ta saki.

Cikin kansa

Shafa mai a fatar ciki da tafin hannu, a hankali, saboda ƙaiƙayi da bushewa, babu laifi, sau da yawa ma jaririn yakan amsa da ɗan shuri. Dannawa ce haramun a wannan babin. Har yanzu akwai gidajen da ake kiran tsohuwa ta zo ta "gyara kwanciyar yaro", ko ta "ɗaga cikin da ya sauka", ta kama shi da hannu biyu tana murzawa. Wannan murzar tana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa, jini ya ɓalle ta ciki inda ido ba ya gani. Ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa kuwa, tabon mahaifa ne ake wasa da shi. Juya jaririn da ya zo da ƙafa aiki ne da likitoci ke yi a asibiti wajen mako 36 zuwa 37, bayan an yi hoto, ana sauraren bugun zuciyarsa, ga ɗakin tiyata a kusa ko da wani abu zai faru. Kafin wannan lokaci ma yawancin jarirai da kansu suke juyawa.

Na san ƙin maganar manya yana da nauyi, balle idan surukarki ce ta aiko da matar. Ki jingina abin ga asibiti: "Inna, a wurin awo sun ce kada a taɓa cikin ko kaɗan. A taimaka mini da bayan da kafaɗa dai." Maigida kuma ya fi dacewa ya riga ki faɗa.

Na'urorin tausa masu bugu da girgiza da suka cika kasuwa yanzu, kada su kusanci ciki, ƙugu ko ƙafa.

Tsayawa da tashi

Minti 15 zuwa 20 sun isa a gida, sau biyu ko uku a mako. A wurin ƙwararru ma kada ya wuce awa guda. Idan ana cikin yi kika ji jiri, tashin zuciya, bugun ƙirji, ko ciki ya tamke yana ciwo, a tsaya nan take, ki kwanta ta hagu ki sha ruwa. Idan bai lafa ba cikin ɗan lokaci, ko numfashi ya yi wuya, ko kika ga jini ko ruwa, sai asibiti.

An gama lafiya ma kada ki zabura. Ki ɗan kwanta minti biyu, ki zuro ƙafafu ƙasa, ki tura jikinki sama da hannu ta gefe, ki zauna har kan ya daidaita. A goge man da ke tafin ƙafa kafin ki taka tayil ko ki shiga banɗaki, santsin man kaɗanya ba ya tausayin kowa. Idan ƙugun bai gama saki ba, a jiƙa tawul da ruwa mai ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, a ɗora a ƙasan baya na minti goma. Ba a ɗora shi a ciki.

Wannan dannar ƙugun da aka koya tana da sauran aiki a gaba. A shawarwarinta na 2018 kan kula da mace lokacin haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tausa da ɗora abu mai ɗumi cikin hanyoyin rage zafin naƙuda ga wadda take so. Don haka duk wadda za ta raka ki, mahaifiya ce ko yaya, ki koya mata tun ciki yana wata takwas. Idan ciwon ya taso, ki dafa gado ko bango ki sunkuya, ita kuma ta ɗora gindin hannu a kan faffaɗan ƙashin nan ta danna a tsaye har ya wuce, ko ta kama gefen ƙugu biyu ta matso su ciki. A lokacin za ki so ƙarfin da ya fi na kullum, kuma za ki iya cewa a danna yanzu, bayan minti biyar ki ce kada wanda ya taɓa ki. Ki gaya mata wannan ma tun yanzu, don kada ta yi fushi a ɗakin haihuwa.